Koren Akwatin da Ke Cikin Rumbu

Borbil, ta Margherita
21 ga Yuli, 1991

Uwata Nirmali,

Gaisuwa mai yawa daga ni da innarki. Muna fata kina lafiya, kuma aikin jaridar bai hana ki cin abinci a kan kari ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tashi duk damina, da idon innarki da ya ƙara hazo. An gama dashen shinkafa. Kogin Dihing ya cika amma bai shigo mana ba.

Na ci jarrabawar masu magana da juna ta rediyo. Sakamakon ya iso shekaranjiya. Bugun tangaraho bai ba ni wuya ba, tunda shi na yi ta bugawa a tashar jirgin ƙasa har na yi ritaya. Dokokin ne suka wahalar da ni wajen hadda. Yanzu saura lasin. Sai 'yan sanda sun zo sun bincika halina, sun aika Delhi, sannan Delhi ta ba ni sunan kira nawa na kaina. Kafin nan doka ta yarda in saurara, ba ta yarda in yi magana ba.

Sauraro kuwa ina yi kowace yamma. Akwai wani likita a Kathmandu, da wani tsoho mai tari a Colombo. Ba abin da suke tattaunawa sai ruwan sama da tsayin eriya, amma ba na ƙosawa. In likitan ya ce, "Akwai mai ji na?" sai in amsa masa ni kaɗai a ɗaki. Ran nan innarki ta leƙo ta ce, "Kai da wa?" Na ce ni da likita. Ta ce, "To ka gaya masa zancen gwiwarka mana, ko abin ya yi amfani."

Ga ainihin dalilin takardar. Kin san akwatunan rediyon yaƙin nan biyar da na tara duk na kamawa ne, babu na aikawa. To na samu. Ana rushe wani tsohon sito a gandun shayi aka tarar da shi ƙarƙashin ruɓaɓɓun buhuna, tun na sojojin Amurka da suka yi hanyar Ledo lokacin yaƙin duniya. Wani ɗan gwangwan zai fasa shi don tagullar ciki, na tare shi a hanya, na ba shi tsohon kekena. Kore ne, mutum biyu suka rataya shi a gora suka kawo. Na kwashe sheƙar ɓera daga cikinsa, na goge tsatsa. Ƙwayayen gilashinsa duk lafiya, sai babban da ke tura magana waje, shi ne babu. Na rubuta lambarsa a bayan takardar nan. Ki leƙa mini shagunan tsofaffin kayan rediyo a kasuwar Chandni.

Kada ki ce ina gaggawa. Kunnena na hagu ya fara nauyi, ina so in yi magana da likitan nan tun ina iya jin amsarsa.

Babanki,
Golap Borgohain


Calcutta
6 ga Agusta, 1991

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Inna. Lafiyata ƙalau, ina kuma cin abinci. Barka da cin jarrabawa. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi, a kai Inna wurin likitan ido kafin sanyi ya shigo.

Na sami ƙwan. Yana cikin akwatina, na naɗe shi da safa. Ba zan aiko da shi ba, kuma ina roƙonka ka karanta dalilina har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Duk rahoton da ya zo daga wajenmu ta teburina yake bi kafin a buga shi, har da waɗanda ba a bugawa. Yaran nan 'yan tawaye da ke daji da rediyo suke magana da juna. Saboda haka in aka shiga gida bincike, abu uku ake nema: bindiga, babban batir, da eriya. An janye sojoji, amma ba wanda na sani a ofishin nan da ya yarda sun tafi ke nan. In suka dawo, wanda zai shigo gidanmu yaro ne daga wata jiha mai nisa, ba ya jin harshenmu, bai san hanyar Ledo ba balle wanda ya yi ta. Abin da zai gani shi ne koren akwatin soja, da waya ɗaure tsakanin itatuwan goron tamul. Ba zai tsaya tambayar shekarar da aka ƙera shi ba.

Takardar cin jarrabawa ba lasin ba ce. Ajiye na'urar aikawa ba tare da izini ba laifi ne, ko da ba a taɓa kunna ta ba. Ka fi ni sanin wannan, kai ka haddace dokokin.

Ga abin da nake so. Ka sauke eriyar yau. Akwatin kuwa, ko ka kai shi caji ofis su ba ka takardar shaida, ko ka jefa shi tafkin da ke bayan gidanmu. In lasin ta zo, ni da kaina zan nemo maka sabo. Ka rubuto mini wanne ka yi.

'Yarka,
Nirmali


Borbil
27 ga Agusta, 1991

Uwata,

Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya. An kai innarki wurin likitan ido, ya ce yanar ido ce, sai ta nuna za a cire.

Na karanta dalilinki har ƙarshe, sannan na yi fushi, kamar yadda kika tsara. Fushin ya wuce. Na sauke eriyar, na naɗe ta. Yanzu da guntuwar waya a cikin ɗaki nake sauraro, likitan yana zuwa kamar daga ƙarƙashin rijiya.

Caji ofis ban je ba. Mutumin da ke jiran su bincika halinsa ba ya sallama musu da kayan soja a ka. Tafki ma ban iya ba. Abin da ya tsira daga bama-baman Japanawa da ɓerayen gandun shayi, ba ni zan nutsar da shi ba. Na naɗe shi da leda na binne shi a rumbu, ƙarƙashin shanshera. Ba mai ganinsa sai ranar da muka cinye shinkafar bara.

Kafin in binne shi dai ya yi mini sallama. Na ɗan jona shi da wuta don in ga ko ƙananan ƙwayayen suna kamawa, na cire, na sa hannu ciki. Na manta irin waɗannan suna ajiye wuta a cikinsu ko bayan an cire su. Ya wurga ni jikin bango. Yatsana biyu sun ƙone, ba wani abu ba ne. Innarki ta shigo a guje da muciya a hannu. Da ta ga ina numfashi sai ta ce, "Abu ya shekara hamsin a sito ba wanda ya kula shi, ka kawo shi gida, ba sannu ba sallama ka hau tona masa ciki." Na ce ƙarfe ne da waya. Ta ce, "Ƙarfen ne ya kayar da kai, ko ni ce?"

Tun ranar ba ta da zance sai nasa. In ta je ɗebo shinkafa sai ta daɗe a bakin rumbun. Ina ganin ta fi ki damuwa da shi. Mata biyu sun sa ni a tsakiya saboda akwati ɗaya.

Babanki


Calcutta
13 ga Satumba, 1991

Baba,

Gaisuwa gare ku. Ina fata yatsun sun warke. Da na fi son tafki, amma rumbu ya fi ɗaki. Hankalina ya ɗan kwanta da na ji Inna ma ta ga haɗarin da na gani. Mu biyu ba za ka fi ƙarfinmu ba.

A gaggauce nake rubutu. Jiragen ƙasa cike da sojoji sun wuce ta Siliguri, wakilinmu ya gan su da idonsa. Kwana kaɗan ya rage. Sauran biyar ɗin ma ka sa su ƙarƙashin gado. Ka ajiye takardar jarrabawa da ta fansho a aljihunka. Ka ce wa Inna na dogara da ita, kada ta bari ka kusanci rumbun nan.

Nirmali


Calcutta
27 ga Satumba, 1991

Baba,

Ina gaishe ku, ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Ban sami amsar takardata ba. Na buga muku waya ta gidan waya, ita ma shiru. Na nemi tarhon tashar jirgi sau da yawa, mai haɗa layi ta ce layin da ya wuce Tinsukia a yanke yake. Na san wasiƙu suna maƙalewa, na san akwai dokar hana fita. Ina gaya wa kaina wannan kowace safiya.

Rahotannin ba sa kawo sunaye. Suna cewa an kama mutum kaza a yanki kaza, an sami kaya kaza. Jiya wani rahoto ya zo daga yankinmu, yana cewa an kama na'urorin rediyo shida a wani gida. Ni na gyara shi, ni na sa masa kan labari. Na ƙirga naka. Biyar da ɗaya. Sai na tuna ɗayan yana ƙarƙashin shinkafa, kuma ba kai kaɗai ke da rediyo a ƙasar ba. Na miƙa shi aka buga.

Layi ɗaya ya ishe ni. Ka ba duk wanda zai fito Guwahati ya jefa mini a can.

Nirmali


Borbil
23 ga Satumba, 1991

Nirmali,

Ni ce innarki nake faɗa, Renu matar malamin makaranta ce ke rubutawa. Ina gaishe ki. Ki ci abinci kafin ki karanta sauran. Ni lafiyata ƙalau. Babanki yana barikin sojoji tun ranar bikin Biswakarma mai ƙere-ƙere.

Kin san yadda muke yi kowace shekara. Duk abin da ake aiki da shi a gida sai a fito da shi, a wanke, a sa masa fure, ya huta ranar, don mai ƙere-ƙere ya sa masa albarka kada ya cuci mai shi. Na fito da keken ɗinkina, da fartanya, da lauje, da rediyoyin nan biyar, na jera a baranda. Babanki da sassafe ya tafi tasha, wurin tsofaffin abokan aikinsa, su ma suna yi wa injuna nasu.

Na tsaya na duba. Kowa da furensa, amma wanda ya kayar da shi yana cikin duhu ƙarƙashin shinkafa. Shi ne ma ya fi kowa bukata. Babanki ya ce mini saboda ɓarayi ya sa shi can. Na ce da rana tsaka, gari cike da mutane, wane ɓarawo? In aka tsallake shi bana, wa ya san abin da zai yi wa mutumin nan in ya sake sa masa hannu? Na kira Lakhi mai yi mana noma da ƙanensa suka tono shi. Na goge shi da mai, na ɗiga masa jan gari, na rataya masa furen da ya fi kowanne tsawo, na sa shi a tsakiya.

Wajen tsakar rana sojoji suka shigo layinmu a ƙafa, gida gida. Ban ji tsoro ba, ranar biki ce. Wani ƙarami a cikinsu har ya cire takalmi, na zuba masa ayaba da jiƙaƙƙen wake a hannu, ya kai goshi ya ci. Sai babbansu ya zo ya tsaya gaban koren. Ya ɗaga furen da bakin sandarsa. Ya yi magana, ban ji ba. Nan take suka kewaye gidan.

Ana cikin haka babanki ya dawo, da ƙunshin shinkafar biki a ganye ya kawo mini. Ya dubi baranda, ya dube ni sau ɗaya. Ya yi musu magana da harshensu. Mijin Renu yana bakin shinge, shi ya gaya mini abin da ya ce daga baya. Cewa ya yi kayansa ne, shi ya fito da su da hannunsa. Babban ya ce abu mai nauyin haka, shi kaɗai? Ya ce shi kaɗai. Suka kwashe duka shidan, da naɗin waya, suka sa shi a mota da kayan bikin da ke jikinsa. Ni kuwa ya ce mini, "Ki ci shinkafar nan tun da zafinta."

Kullum ni da dagaci muna zuwa bakin bariki. Ba sa bari a gan shi, amma suna karɓar abinci. Kwanon yana dawowa a ɗaure da tsumma, ɗaurin kuwa irin nasa ne, na ma'aikatan jirgi, wanda ba na iya kwancewa sai da haƙori. Da haka na san yana nan.

Ban gane abin da babanki ya yi musu ba. Ke da kika san manya, ki yi wani abu.

Innarki,
Kunja


Calcutta
1 ga Oktoba, 1991

Inna,

Takardarki ta iso yau. Ina gaishe ki.

Na sami lauya a Dibrugarh, sunansa Bezbaruah, zai zo wurinki. Ki ba shi takardar jarrabawa da ta fansho in suna gida. Na so in taho, ya ce kada in zo, ganin 'yar jarida a bakin bariki zai ƙara ɓata lamarin. Saboda haka ina nan zaune.

Sauran maganar ba zan iya haɗiye ta ba. Na rubuto tun watan Agusta, dalla-dalla, cewa akwatin nan zai iya kai Baba inda yake yanzu. Ya ji, ya ɓoye shi. Abu ɗaya ya rage, a bar shi inda yake. Sojoji suna gari, kowa ya sani, ke kuma kika kira mutane suka tono shi, kika ɗora shi a baranda, kika yi masa ado don kada mai wucewa ya kasa gani. Ƙarfe ba ya fushi, Inna. Ba ya jin an tsallake shi. Mutum mai shekara sittin da ɗaya da ciwon gwiwa shi ke jin sanyin siminti.

Kin ce ba ki gane abin da ya yi musu ba. Bai yi musu kome ba. Ke kika yi. In wani abu ya same shi, ban san yadda zan sake shiga gidan nan ba.

Nirmali


Borbil
15 ga Oktoba, 1991

Uwata Nirmali,

Gaisuwa mai yawa. Ina gida tun ranar Asabar. Ina tafiya da ƙafata, ina cin abinci, gwiwar tana nan yadda kika san ta. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Kada ki tambaye ni yadda aka yi. Na dama yana aiki.

Lauyanki ya yi ƙoƙari, haka ma dagaci, da tsohon shugaban tasharmu da ya je da sandarsa ya zauna a bakin ƙofa. Tambaya ɗaya suka yi ta yi mini: da wa nake magana? Na ce da wani likita a Kathmandu, amma shi bai sani ba. Ba su ji daɗin amsar ba. Daga baya suka kawo nasu masanin rediyo, ya buɗe koren, ya ga gurbin babban ƙwai fayau, ya rubuta cewa ko tari ba zai iya aikawa ba. Da kin aiko mini da ƙwan nan, da ba ni ke rubuta wannan ba. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba, kada kanki ya kumbura.

Akwatunan ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Na leƙa caji ofis a kan zancen lasin. Wanda ke teburin ɗan wani abokina ne. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce, "Kawu, ka nemi wani abin sha'awar. Kiwon tattabaru ma yana da daɗi." Na gane. Ƙwan da ke wurinki ki ba wani mai lasin, kada ya lalace a cikin safa.

Yanzu zancen innarki. Na tarar da ita ta rame fiye da ni. Renu ta ce abincin da take kai mini shi kaɗai take dafawa. Takardarki ta riga ni isowa, amma ba ta bari kowa ya buɗe ba. Cikin tukunyar shinkafa ta ɓoye ta, ta ce wannan sai na dawo na karanta mata da kaina. Ko wanka ban yi ba ta miƙo mini, ta zauna a ƙasa gabana.

Na bi takardar da ido tukuna, kamar yadda na saba. Sannan na karanta mata cewa kina gaishe ta, kin sami lauya, kada ta damu, ta riƙa cin abinci. Ta ce, "Takarda shafi guda, abin da ke ciki ke nan?" Na ce sauran zancen shari'a ne. Ta ce, "Ba ta ce kome ba a kaina?" Na ce kin ce a gaishe ki. Ta ce, "Wannan ka riga ka faɗa."

Ki san abu ɗaya. Daga takardarki ta Agusta, abin da ya isa kunnenta gaisuwa ne da zancen likitan ido. Ba ta taɓa jin gargaɗinki ba. Ta ga abu ya kayar da mijinta, ta yi masa abin da uwarta ta koya mata ana yi wa irinsa. Yanzu ta san sauran, ba wanda ya gaya mata, ita ta haɗa da kanta. Ba ta ƙara zama a barandar ba. Ta ƙofar baya take shiga da fita, kamar mai aiki.

Takardar taki na sa ta a murhu. Innarki kuwa tana jira, duk sanda mai kawo wasiƙa ya buga ƙararrawar kekensa sai ta tsaya da abin da take yi. Ki rubuto mata wata, wadda zan iya karantawa yadda take.

Babanki,
Golap Borgohain